Jan Birki a Gangaren Buza

Ranar Talata da hantsi aka bugo waya komisariya, wato ofishin 'yan sanda, cewa koriyar motar Alhaji Mukhtar ta ƙwace a gangaren shiga Buza, ta daki dutse. Kafin Sufeto Maiguwa ya iso, har an lulluɓe mai motar da zane.

Daga Keita zuwa Madawa babu wanda bai san motar nan ba. Tsohuwar motar tsere ce mai ƙofa biyu, wani Bature injiniya ya bar wa Alhaji ita lokacin da yake masa direba a aikin raya ƙasa. Shekara talatin yana lallaɓa ta. Mako biyu da suka wuce ya kai ta garejin wani tsohon makanike, Jika, a Madawa, aka sake mata birkin gaba.

To, ai mutane sun samu abin da suke so. Idris, babban ɗan mamacin, yana tsaye bakin hanya yana ihu.

"Jika ya kashe mini uba! Wallahi Jika ne!"

Kafin la'asar samari sun farfasa garejin tsohon, waɗanda jiya jiyan nan suke durƙusa masa da babura. Dole aka ɗauko shi aka kulle, don bincike, kuma don kada a kashe shi. Shekara arba'in yana gyaran birki, ba a taɓa cewa motar da ta fito hannunsa ta ƙi tsayawa ba. A wuni guda ya koma mai kisan kai.

Sufeto Maiguwa ɗan direban babbar mota ne, a gindin taya ya girma. Da aka jawo motar harabar komisariya, ya sa aka cire tayoyin gaba, ya tsuguna.

Etiriye, wato ƙarfen nan da ke matse faifan taya idan an taka birki, ja wur yake a kowane gefe. Sabon fenti ne. Ya laluba sama yana neman ɗan bis ɗin da ake kwancewa a fitar da iska, bai ji shi ba. Sai a ƙasa ya same shi, yana kallon turɓaya. Ɗaya gefen ma haka.

Ya sa aka fito da Jika.

"Baba, mi kay yi ma motag ga?"

"Shef, na kwance tsohin etiriye. Alhaji ya kawo manya masu histon huɗu, 'yan gwanjo. Na hidda histon ɗin na goge tsatsa, na sa sabbin robobi, na sa sabbin plaket, wato takalman birki. Sannan na hidda iska har birki yay yi tauri kamar dutse."

"Bis ɗin iska, ina yake kallo?"

Tsohon ya dube shi kamar an zage shi.

"Sama mana! Iska sama take gudu. In bis na ƙasa, ko ka kwana kana matsawa ba ta hita. Sai ka taka sau biyu, sau uku kahin shi kama. A gangare kuwa, sai dai Allah."

"Zo ka gani."

Jika ya tsuguna da ƙyar. Ya taɓa jan ƙarfen da yatsa.

"Wa ya shahwa mai janbaki? Ni ban taɓa shahwa ma birki henti ba. Kankare nan, Shef. Ina buga harahin Faransanci da guduma, D ga na dama, G ga na hagu, yadda maigidana ya koya mini."

Sufeto ya kankare da wuƙa. D ta fito ɓaro-ɓaro, amma a gefen hagu na mota. Wani ya kwance su bayan Jika, ya mayar da su a juye.

Duk da haka aka mayar da tsohon ɗaki. Maganar wanda ake zargi ba hujja ba ce, ko da kuwa gaskiya ce.

Washegari Sufeto ya tafi Keita, gidan mamacin. Gidan cike yake da masu gaisuwa, kowa na tsine wa Jika tsakanin addu'a da addu'a. Ya yi ta'aziyya, ya nemi a nuna masa rumfar da ake ajiye motar.

A bayan rumfar akwai tubali biyu a ƙasa. Feshin jan fenti ya zagaye kowanne, tsakiya kuwa fes, alamar an ɗora wani abu an fesa.

Hajiya Tabawa, matar mamacin, ta yarda ta yi magana daga bayan labule.

"Hajiya, wa ke taɓa motag ga ban da Alhaji?"

"Babu kowa."

"Ya yi tahiya bayan an maido ta daga Madawa?"

"Ya je Tawa kwana biyu, cikin motar haya. Tashi tana nan ruhe."

"Jan hentin da ke bayan rumhwa hwa?"

Ta gyara labule, sannan ta amsa.

"Ƙohwa anka shahwa ma."

Sufeto ya zagaya gidan kafin ya fita. Ƙofa bakwai ya ƙirga, duk shuɗi ne. Bai koma ya ƙaryata ta ba. Matar da ta binne miji jiya, yau kuma take ƙarya, ba don bare take yi ba.

Ranar Alhamis ya aika a kira Idris, wai ya zo ya sa hannu a takardun mota. Ya iso cikin farar shadda, da baƙin tabarau, da babbar waya a hannu.

"Yaushe za a kai tsohon banzan nan gaban alƙali?"

"Ba da jimawa ba. Ka iya tuƙi?"

"Baba bai taɓa bari na tuƙa ta ba."

"Gyara hwa?"

"Ni? Ban san komi ba game da ƙarhe."

Sufeto ya ja shi har gaban motar, suka tsaya suna fuskantar fitilunta da suka farfashe.

"Don rahoto ne kawai. Nuna mini tayar dama."

Idris ya miƙa hannunsa na dama, ya nuna tayar da ke wannan gefen.

Sufeto ya ƙwala wa direban komisariya kira, ya tsayar da shi a wuri guda, ya yi masa tambaya guda. Direban ya nuna ɗaya tayar ba tare da ya yi tunani ba.

"Ka gani?" in ji Sufeto. "Duk wanda ya san mota, daga kujerar direba yake lissahin dama da hagu. Kai ka tsaya gabanta, ka ga D, ka ɗora shi ga taka damar. Cire tabarau. Miƙo hannunka."

A gefen farcen babban yatsa akwai sauran ja wanda sabulu bai fitar ba.

Idris ya zauna daɓas a ƙasa da farar shaddarsa.

"A waya na gani," ya ce. "Motocin tsere duka jan birki gare su. So nike Baba shi dawo daga Tawa shi gani, shi ce na iya wani abu. Na matsa iskar, wallahi na matsa! Da sahe ya ce birkin ya yi laushi, zai biya wajen Jika in ya taso daga Buza. Na buɗe baki in hwaɗa mai, sai na ji tsoron hwaɗa. Ina tsaye yat tahi."

"Kuma kai ne kah hwara kiran sunan Jika."

"In ban kira nashi ba, nawa za a kira."

Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, wannan kowa ya sani. Amma tsaya ka ga mugunta: ya bar ubansa ya hau gangare don gudun faɗa, sannan ya miƙa wa jama'a tsoho su ci. Aka sa masa ankwa yana kuka, aka wuce da shi.

Sufeto da kansa ya buɗe wa Jika. Babu ko mutum ɗaya daga Madawa da ya zo tarbarsa.

"An wanke ka, Baba. Ka yi haƙuri."

Jika bai tambayi wanda ya yi ba. Bai tambayi gareji ba. Ya sa takalmansa a hankali.

"An kai Alhaji?"

"Tun ranar Talata."

"Tare munka yi karatun allo," in ji tsohon. "Shi yac ce in ya riga ni, ni za ni sa shi kabari."

Tsohon ya ɗago kai ya dubi Sufeto.

"Wa yas sa shi?"

"Idris."

Jika ya gyaɗa kai, ya fita ya nufi tasha a ƙasa.