Ƙafa Dubu Ɗaya da ta Ɓace

Da hantsi aka kira Insifekta Takawa: jirgin feshin fara ya daki dutse kusa da Ibohamane, matuƙinsa Iliyasu Mato ya rasu.

A gindin dutsen ya tarar da wata dattijuwa, Biba, wadda gonar geronta ke wurin.

"Inna, mi kika gani?"

"Hadari ya rufe kan dutsi, ɗana. Jirgin ya hito cikin girgije ƙasa-ƙasa."

"Injinai na tari?"

"A'a. Lahiya lau yake kuka har ya buga."

Takawa ya duba agogon tsayi a cikin tarkacen. Allurar ta tsaya a ƙafa dubu biyu. Dutsen ya fi haka.

Ya wuce ƙaramin filin jirgin da ma'aikatan feshi suka kafa a kwari. Mahamud, mai ba jirage umarni ta rediyo, ya buɗe masa rajista.

"Dubu uku na ba shi, yallaɓai Insifekta. Ga shi a rubuce."

"Ya maimaita maka?"

"Ya maimaita daidai."

"Ina faifan maganarku?"

"Na'urar ta lalace tun jiya."

Takawa ya kunna ta. Duk maganganun safiyar suna nan, minti huɗu kawai suka ɓace. Ya fita.

A inuwar jirgi na biyu matuƙiyarsa Aziza ke zaune, ko hularta ba ta cire ba.

"Rediyonki na buɗe lokacin?"

"Mahamud ya ce dubu uku. Iliyasu ya ce dubu biyu. Na jira a gyara mishi, sai na ji an ce daidai ne. Na ɗauka kunnena ne."

Takawa ya koma ɗakin rediyo, ya nemi wayar Mahamud. Akwai kira daga Madawa, ƙarfe tara da minti goma sha biyu, daidai inda faifan ya yanke.

"Wa ya kira ka?"

Mahamud ya zauna a hankali. "Ungozoma. Matata na naƙuda tun shekaranjiya. Waya na kunne guda, rediyo na guda. Na ji ya ce dubu, sauran ban ji ba, na ce daidai ne."

"Kuskuren nan kowa na iya yin shi," in ji Takawa. "Amma da ka goge faifan, laifin ya koma kan mamaci. Da haka za a gaya wa 'ya'yanai."

"Shekara shidda muna cin tuwo kwano guda da shi."

Jandarman da ya rako Takawa ya matso da ankwa, Takawa ya girgiza masa kai. A bakin mota Mahamud ya tsaya.

"Ta haihu," ya ce. "Namiji. Har yanzu ban iya kiranta ba."

Takawa ya miƙa masa wayar, ya juya baya, ya jira.