Sunan Saratu a Takardar Daddawa

Abin da Saratu ta rasa shi ne miji, da shafuka fiye da ɗari huɗu da ta yage da hannunta ta ƙunsa wa mutanen Zariya daddawa a ciki. Abin da ta samu kuwa suruki ne, da wata magana da mijin nan ya shekara ashirin da bakwai yana faɗa mata ba ta ji ba.

Mijin nata, Malam Bernard, ma'aikacin laburare ne a Samaru. Da ya rasu bai bar gona ba, bai bar fili ba, sai 'ya ɗaya, Winifred, da akwatin ƙarfe shaƙe da littattafai masu kaurin bulo, tsofaffin labaran Faransawa da mutanen Rasha da aka juya zuwa Turanci. Saratu ta tsane su. Aji biyu ta yi a firamare, sunanta kaɗai take ganewa a rubuce. Kullum da yamma yakan zauna gindin mangwaron tsakar gida ya buɗe ɗaya, can sai ya ɗago ya kalle ta, ya yi murmushi, ya ja fensir. Ita ta ɗauka dariyar jahilcinta yake yi, girman kai kuma bai bar ta ta tambaya ba. Wata uku bayan jana'iza ta kinkimi littafi na farko zuwa rumfarta a kasuwar Sabon Gari. Yagewa take ba ta ko kallo. Takardar dai mai kyau ce, ba ta jiƙewa.

Sai ga wani dogon saurayi ya fara zarya, Othniel, ɗan Wusasa mai karatun Faransanci a Samaru. Litinin daddawa, Laraba daddawa, Asabar daddawa.

"Kai ɗan nan, daddawar Samaru ta ƙare ne, ko mutum nawa kake ciyarwa?"

"Ni kaɗai ne, Mama."

"To ragi dai babu."

Bai taɓa neman ragi ba. Yakan koma gefen rumfa ya juye daddawar a leda, ya shafe takardar a gwiwarsa, ya tsaya karatu, masu baro na yi masa tsawa ba ya ji. Winifred da ke taya uwarta ran Asabar ita ta fara gane shi. Daga nan ta riƙa ɓoye shafukan bi da bi, in ya zo ta ƙunsa masa a wanda ke biye da na baya. Da haka labari ya yi nisa, nasu ma ya yi nisa.

Ran da kawunansa suka zo neman aure, Saratu ta ɗaura ɗankwalin zuwa coci ta zauna kamar ranar babban ciniki.

"Sa guda, mai tozo. Injin markaɗe. Akwati uku. Da fili a Chikaji, da sunan yarinya."

"Haba Maman Winifred, yaron bana yake gamawa."

"Ya gama mene? Labarin matattun Turawa? Na zauna da irinsa. Kana yi masa magana yana cikin ƙanƙarar wata ƙasa. 'Yata ba za ta dafa tuwo ta miƙa wa ƙeyar littafi ba."

Suka roƙa, ba ta sauke ko akwati ɗaya ba. Winifred ta shige ɗaki ta yi kuka har idonta ya kumbura.

"Momi, wallahi ba ki san abin da ke cikin littattafan nan ba."

"Na faɗa miki tun ran farko, duk mai ambaton su ya bar mini gida."

Yarinyar ta haɗiye maganar. Ba ta gudu ba, ba ta ɗaga wa uwarta murya ba. Shi ma Othniel bai daina zuwa gaisuwa ba, ana amsa masa da ka. Damina ta shigo ta kusa fita a haka.

Wata Lahadi bayan sujada, hadari ya rufe gari, Othniel ya zo da abu naɗe a gyale. Saratu na zaune a baranda tana tsince wake. Ya durƙusa ya kwance. Shafuka ne, an goge su da dutsen guga an ɗinke da zare, har yanzu suna warin daddawa.

"Mama, ba maganar aure ta kawo ni ba. Kayanki na dawo da su."

"Kayan bola."

"Ki dai dubi nan."

Ya ɗora yatsa a gefen shafi, can kusa da ɗinki, inda aka yi ɗan ƙaramin rubutu da fensir. Ta so ta kau da kai, amma idonta ya riga ya kama harafin nan mai lanƙwasa kamar maciji, na farkon sunanta. Ya buɗe gaba, ga shi. Ya sake buɗewa, ga shi kuma.

"Me ya ce a kaina?" Muryarta ta yi ƙasa.

"Ya rubuta, Saratu ke nan. Bari in faɗa miki da Hausa abin da ke wurin."

Ruwa ya sauko a hankali kan kwano. Othniel ya fara. Wata mata ce a ƙasar sanyi, ta fito kasuwa sayen itace, ƙanƙara na zuba kamar audugar rimi. Mai itace ya faɗi kuɗi, ta yi dariya ta juya, ya kira ta, ta sake juyawa. Mijinta na tsaye a baya riƙe da kwando, kunya ta hana shi magana, amma a ransa yana cewa duk garin nan babu mai mace kamar tasa, kuma in ta riga shi mutuwa ko wuta ba zai iya hurawa ba.

Waken ya zube daga cinyarta ba ta sani ba. Ita da ba ta taɓa wuce Kaduna ba, sai ga ta a kasuwar nan fara fat, tana jin sanyi a kunnuwanta, Bernard na bayanta da rigarsa mai aljihun fensir. Ta ga gindin mangwaro, ta ga ɗagowar kan nan da murmushin. Ashe ba tserewa yake yi daga gare ta ba. Ko'ina ya je a ƙasashen nan, ita yake tararwa.

"Sauran shafukan fa?"

"Labarin zan iya samo shi a laburare, Mama. Rubutun Baba kuwa, wanda ya tafi gidajen mutane ya tafi."

Nan ta yi kukan da ba ta yi ran jana'iza ba. Winifred ta fito ta rungume ta, suka yi tare. Haka girman kai yake yi wa mutum: ya hana shi tambaya ɗaya, ya sa ya sayar da abin da ya fi so a kan kuɗin daddawa. Yaran nan kuwa da suka yi haƙuri ba su saɓa wa uwa ba, ga shi ta sauko da kanta.

Da ruwa ya ɗauke ta share fuska, ta gyara ɗaurin ɗankwali, ta koma Maman Winifred ta kasuwa.

"Littafi nawa suka rage a akwati?"

"Goma sha tara, Momi."

"To kai, ka faɗa wa kawunanka na janye sa da fili. Amma 'yata ba kyauta ba ce. Shafi talatin duk Lahadi."

"Mama, juya shi zuwa Hausa akwai wuya. Biyar dai."

"Ka ji ɗan Samaru, yau ya koyi neman ragi. Ashirin."

"Goma."

Ta dube shi, ta dubi 'yarta, ta ɗora tafin hannu kan ɗan rubutun fensir.

"Sha biyu. Da Hausa, bayan sujada, a gindin mangwaron can, kuma duk inda sunana ya fito ka tsaya ka maimaita. Har akwatin ya ƙare. Na sallama."