Gambar Kawu Tanimu

Tun hantsi Niƙau take cin gefen dutsen Tudun Marmara. Na'ura ce mai tsayin bene bakwai, da haƙoran ƙarfe a gaba da bututu a baya. Takan gasa dutse har ya yi ja, ta kwara masa ruwan sanyi ya tsattsage, ta niƙe shi, ta gauraya da taki, sai baƙar ƙasa ta riƙa zubowa daga bututun. Rana da ruwan sama da saiwoyi sukan ɗauki ɗaruruwan shekaru kafin su mayar da dutse ƙasa mai kaurin ɗan yatsa. Niƙau a mako guda take gamawa.

Balaraba, masaniyar ƙasar noma ta hukumar birnin, ita aka ɗora wa shimfiɗa sabuwar ƙasar a gonakin gindin dutsen. Injinan shimfiɗa ba sa iya shan kwana, sai fili ya miƙe. Shi ya sa aka ce a tumɓuke gamba, doguwar ciyawar da manoman garin suke shukawa a kan iyaka tun kakanni. Kowa ya yarda, ban da Kawu Tanimu, ƙanin mahaifiyarta.

"Kawu, iyakarka tana cikin tauraron ɗan'adam," ta ce masa, tana nuna masa taswira a allon kwamfutar hannunta. "Ko taku ɗaya ba mai ci maka."

"Tauraron naki saiwa gare shi?"

"Kai dai, Kawu."

"Na tambaye ki ne, 'yar boko."

Ta yi dariya don ta ɓoye kunya. Sau uku tana zuwa da goro kafin ya ce ta yi abin da ta ga dama, tunda 'yar 'yar'uwarsa ce. A takardunta, gamba alamar iyaka ce kawai. Ba ta taɓa haƙa gindinta ta ga yadda saiwoyin suka saƙe ƙasar kamar tabarma ba.

Ruwan farko ya sauka ranar Laraba bayan azahar. Daga tagar ofis Balaraba ta ga ruwa yana gangarowa ta inda Niƙau ta rarake dutsen, a dunƙule, ba abin da zai raba shi. Sabuwar ƙasa gari ce, ba saiwa, ba ramin tsutsa, ba abin da ya riƙe ƙwaya da ƙwaya. Ƙasar ta bi ruwan kamar kunu. Kafin la'asar magudanan birnin sun cika da baƙin laka.

Shugaban aikin ya kira ta, muryarsa a kwance. "Ba komai, Dakta. Gobe mu niƙa wata."

Ta sa takalman roba ta gangara.

Ta tarar da Kawu Tanimu a bakin wani kwazazzabo da ya fi tsayin mutum biyu zurfi. Sabuwar ƙasar ta tafi, ta ja tsohuwar da ke ƙarƙashinta, sai jan tsakuwa a ƙasan ramin.

"Ina gonata ta tsaya?" ya tambaya, bai dube ta ba.

Ta ɗaga allon. Koren layi ya fito tsaf, kusurwa huɗu, a kan ramin.

"Daga nan zuwa can ne, Kawu."

Ya daɗe yana kallon layin.

"Ba a ci min ko taku ɗaya ba," ya ce. Ya miƙa mata ƙullin irin gero da ke aljihunsa. "Ungo. Ki shuka a cikin allon."