Dabinon Malam Aƙilu

A Gozaki, in aka ambaci Malam Aƙilu cewa ake bakinsa da albarka. Mata na faɗin duk jaririn da ya tauna wa dabino ya shafa masa a dasashi, da sanyin hali yake tashi. Shekara tara yana yi wa 'ya'yan mutane, sai yau Allah ya kawo tasa.

Matarsa Murja na jingine da bango tana kallon jaririyar kamar mai tsoron farkawa daga mafarki. Ya shigo da dabino a hannu, leɓensa na sama ya feso da ƙananan ƙuraje masu ruwa.

"Miƙo min ita, Murjata!"

Ta ƙara rungume ta. "Malam... ba yau ba."

Gwaggo, ƙanwar mahaifinsa, ta saki ludayi. "Yau na ga ikon Allah! Ƙyamar mijinki kike yi?"

Ya yi dariya. "Don wannan? Ai zazzaɓi ne ke fita."

"Ba fita yake ba, Malam. A wurin awo a Malumfashi an gaya mana ƙwayar cuta ce, tana cikin ruwan ƙurjin da yawu. Babba kan jure, jariri kuwa tana iya..."

Dariyar ta ɗauke. Ya mai da dabinon aljihu.

"Ashe bakin da gari ke so, a ɗakina ake gudunsa."

Kwana huɗu tana jin takunsa ya zo bakin ƙofa, ya tsaya, ya wuce. Sai ta lumshe ido tana ganinsu su uku a kan tabarma ɗaya.

Rana ta biyar da hantsi, bayan an ɗauke ruwa, ta same shi a gindin mangwaro. Ta ajiye masa kunu a moɗar da ta ware masa.

"Har moɗa aka raba mana?"

Ta durƙusa. "Ka tuna daminarmu ta farko? A cikin masara, fura a moɗa ɗaya... inda ka ɗauke bakinka nan nake sa nawa."

"Na tuna," ya ce, murmushi na neman ƙwace masa.

"Ranar ma da ƙurajen nan a leɓenka. Ba a yi mako ba bakina ya fashe, har na kasa cin tuwo. Kafin nan ban taɓa yi ba. Har yau in na yi zazzaɓi sai sun dawo."

"Ba ki taɓa faɗa min ba!"

"Lokacin ban sani ba. Da na sani kuma, ban yi nadama ba, hasken idona. Ni na iya ɗauka... ita ba za ta iya ba. Ka bari su warke sarai."

Ya daɗe yana duban ƙofar ɗakin, hannunsa a kan leɓensa. Gwaggo na tankaɗe a tsakar gida, amma bai rage murya ba.

"Murja... ke ce da gaskiya. Na ɓata miki rai a kan kin tsare min 'yata. Don Allah ki yafe min."