Raga Biyu a Kan Kwali

A wani gari, a wani zamani, yaran wata unguwa suka yanka kwali, suka zana ’yan ƙwallo a kai, suna musayarsu. Sai dai ba su da filin da za su jera su.

Wata yarinya ta samo kwalin sabulu, ta yi bisimilla, ta zana fili da gawayi, raga biyu daidai wa daida.

Yayanta, wanda ya fi kowa yawan katin ’yan ƙwallo, ya ce, “Ke, rage faɗin ragata.”

Ta ce, “Yaya, taka kamar tawa, tawa kamar taka.”

Ya yage kwalin. Ta samo wani, ta sake zanawa.

Ya ce, “Rage, ko ki daina wasa da mu.”

Ta ce, “Taka kamar tawa, tawa kamar taka.”

Ya sake yagewa. Da kwali ya ƙare, ta durƙusa ta zana a ƙasa da tsinke. Ya sa ƙafa ya share. Kafin ya juyo, sauran yaran duk sun durƙusa, kowa yana zana nasa filin, raga biyu daidai wa daida.

Ya dubi filayen, ya dubi ƙafarsa. Sai ya zauna, ya jera katinsa.