Siririn Tiyo a Motar Zakiyyu

Da hantsi aka bugo wa Sufeto Ɗantsoho waya cewa mota ta kama da wuta a hanyar Mashi, kuma direban bai fito ba. Kafin ya isa, wuta ta gama aikinta. Manoman wurin sun watsa ƙasa iya ƙarfinsu, amma ina!

Ba sai an faɗa masa mai motar ba. Duk Daura wa bai san Zakiyyu ba, saurayin nan mai wasan mota a wajen biki? Tsohuwar mota ce ya cire injinta ya ɗora mata wani ƙato, idan ya taka ta har ƙasa sai ta girgiza. Sufeto da kansa ya sha kama shi, ya yi masa faɗa, ya sake shi. Yau ga shi an naɗe a tabarma.

Da ƙarfen ya huce, Sufeto ya leƙa wajen inji. Kusa da salansa mai fitar da hayaƙi, a bakin bututun ƙarfen da ke kawo mai, ya ga guntun tiyo ya ƙone ya manne. Siriri ne kamar fensir, an cusa shi da ƙarfi a bakin da ya fi shi girma, an ɗaure da waya. Ya ɓalle shi ya sa a leda.

Ana dawowa daga maƙabarta magana ta bazu, wai Chimaobi mai shagon kayan mota ne ya sayar wa yaron da jabun tiyo. Wa ya fara faɗa? Oho. Abokan Zakiyyu dai suka fara taruwa a bakin shagon, wasu har da jarkokin fetur. Sufeto ya ɗauke mutumin zuwa caji ofis don kada a kashe shi. 'Yan sandan da ya bari a wurin ba za su iya tare taron ba, ya kuma san haka.

"Ka sayar masa da tiyon mai?"

"Ban taɓa ba, Yallaɓai. Ban ma san shi ba."

"Haba Chimaobi! 'Ya'yanka duk a garin nan aka haife su, ka ce ba ka san Zakiyyu ba? In ka yi mini ƙarya, da me zan taimake ka?"

Mutumin ya fashe da kuka. "Tsoro nake ji, Yallaɓai. Na sayar masa. Amma mai lamba goma ne, mai kauri, da kilif ɗinsa na ɗaurewa. Injin nan shan mai gare shi, famfonsa da ƙarfi yake turowa. Ni ne ma na ce kada ya sa abin da bai kai goma ba."

Sufeto ya tura masa ledar. "Wannan fa?"

"Wannan lamba shida ne, na janareto. Wallahi ba daga hannuna ya fito ba."

Daga nan Sufeto ya wuce garejin Auta, bakaniken da ya haɗa motar. Shi ma da gardama ya fara, wai inji kawai ya ɗora. Da ya ga ledar sai ya sauko.

"Ni na sa tiyon, amma mai kaurin ne, na ɗaure da kilif. Yallaɓai, wa ke ɗaure tiyo da waya yanzu, in ba tsofaffin direbobi ba?"

"A ina motar take kwana?"

"A gidansu. Ko abokansa ba ya bari su taɓa ta."

Mahaifin Zakiyyu, Malam Mainasara, ya tsufa ne yana tuƙa babbar mota. Sufeto ya daɗe zaune a mota bai tayar ba, yana fatan Allah Ya sa zatonsa ƙarya ne.

Bayan la'asar ya isa gidan makoki. Ya yi gaisuwa, aka shafa fatiha, ya nemi ganin dattijon a keɓe. Suna shiga zaure idonsa ya sauka a kan ƙusa. Ga sabon tiyo mai kauri nan a rataye, da kilif ɗinsa. Tsohon direba ba ya yar da kaya mai kyau, ko da kuwa shi zai tona masa asiri.

"Baba, tiyon me ne wancan?"

"Na famfon ban-ruwa ne."

"Baba."

Dattijon ya zauna a ƙasa daɓas.

"A zamaninmu, in yaro ya cika gudu da mota, mai ake rage mata. A matse hanyar man, mota ta yi sanyi, kowa ya koma gida lafiya. Na yi wa motoci ba adadi. Yaron nan na yi faɗa, na yi lallashi, na haɗa shi da malamai, a banza. Uwarsa kullum kuka, Malam ka yi wani abu, Malam ka yi wani abu. To na yi. Ya tafi ɗaurin aure Baure a motar abokinsa, na cire nasa na sa na janareto."

"Baba, waɗancan motocin, a hankali man yake zuwa musu. Wannan famfonta turo shi yake da ƙarfi. Tiyon ne ya tsage, mai ya feso a kan salansa."

"Yanzu na sani, ɗana."

Sufeto ya ji kamar ya ɗauki hularsa ya fita, ya ce bai ga komai ba. Amma ga can Chimaobi tsare a caji ofis, ga jarkoki a bakin shagonsa.

"Ka ji abin da ake shirin yi wa Chimaobi?"

"Na ji. Tun safe nake so in buɗe baki, ya ƙi buɗuwa." Ya dafa bango ya miƙe. "Kai ni wurin yaran tukuna."

Sufeto bai sa masa ankwa ba. Ya sauke tiyon daga ƙusa, suka ratsa masu zaman makoki, kowa na zaton rakiya ce.

A bakin shagon samarin suka buɗa wa mahaifin abokinsu hanya. Ya tsaya a tsakiyarsu.

"Ku bar bawan Allah nan, kayan kirki ya sayar. Ni na canza tiyon da hannuna. Ni ne."

Ɗaya bayan ɗaya aka ajiye jarkokin, babu mai iya kallon wani.

Da suka shiga mota dattijon ya juyo ya dubi Sufeto.

"Alƙali ya yanke duk abin da ya ga dama, ba shi ne damuwata ba. Amma ɗana, wa zai faɗa wa uwarsa?"

Sufeto Ɗantsoho ya ja ƙofa ya rufe. Ya tayar da mota, suka nufi caji ofis a hankali.