Ranar da Ƙarfen Labule Ya Faɗo

Sada na tsaye kan benci yana auna tagar falon Malam Usman, ya ji muryar mace a bayansa.

"Malam, wannan awon bai yi ba."

Ya waiwayo. Budurwa ce doguwa cikin hijabi ruwan toka, ta rungumo labule mai nauyi har ya kusa rufe mata fuska. Tef ɗin awo ya kuɓuce masa ya naɗe kansa da ƙara, ya karce shi a yatsa, bai ko ji ba.

"Me ya same shi?" ya tambaya.

"Ƙarfen tsaron tagar nan ya turo ciki. In ka manna ƙarfen labule da bango, labulen zai riƙa gogarsa har ya yage. Ni na ɗinka shi, na san wahalar da na sha."

Sada ya sauko, ya ɗauko maƙalin da zai riƙe ƙarfen labulen. Shi yake ƙera su a shagonsa na walda da ke bayan kasuwar Daura. Fallen ƙarfe biyu ne, ɗaya yana shiga cikin ɗaya, da noti mai kunne biyu da ake murɗawa da hannu.

"Kin gani? Ki sassauta notin, ki jawo shi gaba ko ki tura shi baya yadda kike so, sannan ki ɗaure. Labulenki ba zai taɓa komai ba."

Ta karɓa ta jujjuya shi, ta ja, ta tura. Ta ɗago ido da mamaki.

"Kai ka yi wannan?"

"Ni ne."

"Ashe injiniya Baba ya kira mana."

Daga ranar sunan ya bi shi.

Sunanta Amatullah, 'yar fari a gidan Malam Usman, wanda ke karantar da manya littattafan fiƙihu bayan la'asar. Tana ɗinkin labule ga matan unguwa da masu jeren amare. Duk wadda ta ɗinka wa sai ta ba ta lambar Sada, shi ma duk gidan da ya kafa wa ƙarfe sai ya ce akwai mai ɗinki a gidan Malam.

Da farko saƙonninsu na aiki ne, faɗin taga da tsayin labule. Wata rana ya aiko da wanda ba awo a ciki.

*Amatullah, yau na yi kuskuren awo sau biyu. Ban taɓa yi ba. Na bincika na gano tunaninki ne. Kin yarda in turo kawuna wajen Malam?*

Ta karanta ta kife wayar kan keken ɗinki. Sai bayan sallar azahar ta amsa.

*Injiniya, ka turo shi kafin ka ɓata wa mutane tagogi.*

Kawun ya zo. Malam ya karɓe shi da mutunci, ya ce a ba shi lokaci ya yi bincike. Kowa ya san abin da binciken zai nuna, domin Sada ba shi da abin zargi a gari.

Ana cikin jiran nan Amatullah ta sauke labulen falo ta wanke. Da ta zo mayarwa ta hau kujera, ta sassauta notin maƙalan biyu, ta jawo ƙarfen gaba kaɗan. Ta ɗaure na dama. Hannunta na kan na hagu wayarta ta yi ƙara, ta sauko da sauri.

*Amatuna, kawu ya haɗu da Malam a masallaci, ya ce ya yi masa murmushi. Na kasa cin abinci don murna.*

Ta zauna tana karantawa tana maimaitawa. Inna ta kira ta daga kicin, ta tashi ta fita.

Washegari da la'asar Malam na zaune ƙarƙashin tagar, ɗalibansa sun kewaye shi. Rana ta dame su, wani dattijo ya miƙa hannu ya ja labulen da ƙarfi. Fallen maƙalin ya zame ya fito, ƙarfen ya rufto da nauyin labulen gaba ɗaya, kansa ya sauka kan girar Malam ta hagu, tabarau ya tarwatse.

Amatullah ta jiyo salati. Ta leƙo ta ga mahaifinta dafe da ido, jini na bin tsakanin yatsunsa yana ɗiga kan littafin da ke buɗe. Ta kai dubanta bango, ta ga abin da ya rage na maƙalin hagu. Ta zauna a bakin ƙofa.

An yi wa Malam ɗinki a asibiti, aka naɗe masa goshi da idon hagu da bandeji. Likita ya ce da ƙarfen ya sauko kaɗan, da idon ya tafi.

Sada ya iso a guje, babu ko hula. Kafin ya shiga wajen Malam ya tsaya ya dubi bangon. Gindin maƙalin na nan daram, ko siminti bai ɓalle ba. Notin ne a sake. Mutum ɗaya ce a gidan ta san yadda ake murɗa shi.

Baba Lawal, ƙanen Malam, ya tare shi a gaban jama'a.

"Kai ka kafa wannan abin?"

"Ni na ƙera shi, ni na kafa shi, Baba. Ina neman afuwa."

Ya shiga ya duba Malam, ya fito.

Yana kan hanyar komawa shago saƙonta ya shigo.

*Ni ce. Wallahi ni ce, ban ɗaure shi ba.*

*Na sani, Amatuna. Kada ki faɗa yanzu. Ki bari Malam ya samu sauƙi, kada ciwon ya zame masa biyu.*

Ba ta faɗa wa kowa ba. Ta gaya wa kanta umarninsa take bi, amma ta san akwai tsoro a ciki. Ba ta taɓa ganin jinin mahaifinta ba, kuma ba ta san da wane baki za ta ce ita ta zubar da shi ba.

Labari ya zaga Daura. Masu jeren da suka ba Sada aiki suka janye. Wata Hajiya ta sa aka ɓalle duk maƙalan gidanta aka zube masa a ƙofar shago. Ya tsaya yana kallonsu a ƙasa, kowanne lafiya lau, sannan ya durƙusa ya kwashe su.

Sai kuma Malam ya aika wa kawunsa cewa a dakatar da maganar aure. Ya ce ya yafe ciwon, amma wanda ya yi sakaci da ƙarfe a saman kan mutane, yana jin tsoron ba shi amanar 'ya.

A tsakanin ne Kabiru ya bayyana. Abokin cinikin Baba Lawal ne, yana shigo da kaya ta iyakar Kongolam, ya kuma daɗe yana son Amatullah. Ya zo dubiya da kwalin madara da sababbin maƙalai masu ruwan gwal, 'yan waje. Baba Lawal ya nema masa izinin zance, Malam ya ce ya zo, yarinya ta gan shi, in ta so.

Ranar da ya zo Amatullah ta fito don kunyar Baba Lawal. Ta gaishe shi a zaure, ta ce, "Alhaji, ka yi haƙuri, akwai wanda na riga na ba zuciyata." Ta koma ciki.

Sada bai ji wannan ba. Abin da ya gani shi ne motar Kabiru a ƙofar gidan, da takalmanta a bakin zaure. Ya tsayar da babur ɗinsa a tsakiyar layi kamar an dasa shi, har sai da mai tura kurar ruwa ya yi masa magana.

*Na ga baƙonki. Allah ya sa hakan ne mafi alheri. Ban yi nadamar komai ba.*

Ta kira, wayar a kashe. Ta aika aka dubo shagon, aka ce ya rufe ya tafi Mai'adua wajen mahaifiyarsa. Ta rubuta masa ko da zai kunna.

*Injiniya, na sallame shi tun a zaure. Ka dawo. Ba ni da kowa sai kai.*

Babu amsa.

Ran Alhamis da safe ta kai wa Malam kunu, ta tarar da Baba Lawal zaune yana magana da zafi.

"Yaya, kai ka yafe, mu ba mu yafe ba. Litinin zan shigar da ƙara kotun shari'a. A bi maka haƙƙin rauninka, a kuma hana shi wannan sana'ar kafin ya kashe wani."

Kofin kunun na hannunta. Ta ajiye shi, ta durƙusa a gaban mahaifinta.

"Baba, kada a kai shi ƙara. Ni ce."

"Ke ce me?"

"Ni na sassauta notin ranar da na wanke labulen. Na ɗaure ɗaya na manta ɗaya. Aikinsa lafiya yake. Ya sani tun ranar, ya ce in yi shiru har ka warke, ni kuma na ji tsoro."

Inna da ke bakin ƙofa ta dafe ƙirji. Malam ya daɗe yana kallon 'yarsa da idon da ba a rufe ba, kamar yau ya fara ganinta.

"Amatullah," ya ce a hankali, "ciwon nan kuskure ne, kowa na yi. Amma kina ji ana zubar wa bawan Allah mutunci a gari, an rufe masa hanyar abinci, kika iya yin barci?"

"Ban yi barci ba, Baba."

"Ni kuma na yanke masa hukunci ban tambaye shi ba." Ya juya ga ƙanensa. "Lawal, ɗauko mota."

Sada na ƙofar gidansu a Mai'adua yana gyara wa maƙwabci ƙafar amalanke, ya ga mota ta tsaya, Malam ya fito da bandeji a goshi. Guduma ta faɗi daga hannunsa. Ya ɗauka sammaci aka kawo.

"Allah gafarta Malam, ai da an aiko na zo."

"Ni ya kamata in zo. Ta faɗa mini."

Sada ya sunkuyar da kai.

"Me ya sa ka yi shiru?"

"Ban yi ƙarya ba, Malam. Ni na ƙera, ni na kafa. Sauran ne na kasa faɗa. In an ce aikina ya faɗo, zan iya sauya gari. In an ce 'yar Malam ce ta fasa wa mahaifinta kai, da shi za a riƙa kiranta har ta tsufa."

"Ka yi kuskure," in ji Malam. "Ka sa na zalunce ka ban sani ba, saura kaɗan ƙanena ya tsaya gaban alƙali kan abin da ba haka yake ba. Kada ka ƙara rufe gaskiya don tausayi, ko a cikin gidanka." Muryarsa ta sauka. "Amma na daɗe ina addu'ar Allah ya ba ta wanda zai suturta ta. Ka gaya wa kawunka ya zo ya same ni."

Sada ya ɗago, ya dubi Malam, ya dubi Baba Lawal. Bai fahimta ba sai da Baba Lawal ya miƙo masa hannu ya ce, "Ka yafe ni, ɗana. An ba ka."

Ya zauna kan amalanken ya rufe fuska.

Washegari bayan sallar Juma'a Malam ya miƙe a masallacin unguwa, abin da bai saba ba. Ya ce sakacin da ya jawo rauninsa daga cikin gidansa yake, aikin Sada ba shi da aibi, kuma shi ne farkon wanda ya munana masa zato, yana neman yafiyarsa a gaban kowa. Mutane suka riƙa duban juna. Kafin sati ya zagayo, Hajiyar da ta zubar da maƙalan ta aiko a mayar mata da su.

Da Sada ya kunna waya ya ga saƙonta, ya karanta a tsaye, ya karanta a zaune.

*Ki yafe mini, Amatuna. Na ga takalma na yanke hukunci.*

*Kai ka fara yafe mini. Na bar ka da nauyin da ba naka ba.*

*An wuce wurin. Zan zo zance gobe, da izinin Malam.*

An ɗaura auren bayan ƙaramar Sallah a ƙofar gidan Malam. Maƙeran kasuwa da masu walda suka cika layin, 'yan Mai'adua suka zo a kan babura, Kabiru ma ya zo ya yi wa ango murna. Baba Lawal ne ya yi walicci.

Da aka shafa fatiha Malam ya shiga cikin gida. Amatullah ta durƙusa tana kuka, ya dafa kanta.

"Na yafe miki duniya da lahira. Ranar da kika durƙusa kika faɗi gaskiya kina rawar jiki, ranar na san kin isa riƙe gida. Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zuri'a ta gari, ya sa ku zama sutura ga juna."

Mata suka amsa da amin, aka rangaɗa guɗa.

Wayarta ta yi motsi a hannunta mai lalle, ƙarƙashin mayafi.

*An ɗaura, matata. Mutane na ta miƙo mini hannu, ni har yanzu ban yarda ba.*

Ta share hawaye ta rubuta masa.

*Ka yarda, mijina. Shigo ka gaida Inna, tana jiranka. Ni ma haka.*